Bututun Cikin Bango

Mamobi, Ankara, Gana

Zuwa ga Yaya Salamu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji Naziru da mutanen Damagaram. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafa. Jaririn Ruhaina yana nan lafiya, an raɗa masa Muftahu. Sai dai uwarsa.

Na rubuto ne don maganar ta fi ƙarfin bakina a waya. Kin san Ruhaina ta dawo gida wankan jego, haihuwar fari. Tun rasuwar mahaifiyarta babu mai hura itace a gidan nan, ga hitar banɗaki ta mutu. Na ce 'yata ba za ta jira tukunyar maƙwabta ba, na sayo sabuwa babba. Kadiri mai gyaran famfo ya duba, ya ce bututun cikin bango na roba ne siriri, na ruwan sanyi, ba zai ɗauki zafin da mai jego ke so ba, sai an fasa tayil an canza. Yaya, da hannuna na manna tayil ɗin nan. Na ce masa wanda ya fara da dako a kasuwar Malam Atta har ya gina gida ba a koya masa aiki. Ya haɗa yadda na ce, ni kuma na murɗa zafin har ƙarshe.

Kwana tara bayan suna bututun ya fashe tana wanka. Ta ƙone daga kafaɗa har ƙugu. Likita ya ce za ta warke, amma bayanta zai daɗe bai ɗauki goyo ba. A kife take kwana, shayarwa ma sai an riƙe mata yaron. Surukanta na unguwar Madina sun ce in wata ya ƙare babu babbar mace a gidan, za su karɓe shi su ba shi madarar gwangwani.

A masallaci ana ta zagin Kadiri, kwana shida ina shiru. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Juma'ar nan na miƙe na faɗi gaskiya.

Ban taɓa roƙon kowa ba, ke shaida ce. Ki zo ki riƙe mata ɗanta, saura kwana goma sha ɗaya.

Ki gaishe da Alhaji, da Humaira, da Gwaggo Amama.

Ƙaninki mai jiran ki,
Jibirilu