Rasuwar Hajiya Malama Koubra Djibo, Uwar Makarantar Rumfa

Cikin alhini mai nauyi da sallamawa ga hukuncin Ubangiji Maɗaukaki, Ƙungiyar Tsofaffin Ɗaliban Makarantar Rumfa da ke unguwar Abdulkafi a birnin Sabha, a madadin Uban Ƙungiya, Alhaji Rabe Sagiru, da shugabanni, da ɗaukacin 'ya'yanta na nan yankin Fezzan da waɗanda neman abinci ya warwatsa zuwa wasu ƙasashe, tana sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar uwarmu kuma malamarmu, wadda ta kafa makarantarmu da hannunta, Hajiya Malama Koubra Djibo, wadda Allah Ya karɓi ranta da hantsin ranar Talata a wani asibiti a nan Sabha, bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayiya haifaffiyar Gaya ta Nijar ce, a bakin kogin Kwara. A can ta yi karatun farko, ta wuce Doso inda ta koyi aikin malanta, kafin aure ya kawo ta ƙasar nan tare da maigidanta, Alhaji Moustapha Omar, wanda a lokacin yake aikin ban ruwa a wata gonar dabino da ke Samnu. Da suka dawo cikin gari da zama, fiye da shekara ashirin ke nan, mu ne yaran da ta tarar a lungu. Iyayenmu maza suna fita tun da asuba zuwa wurin gini ko bakin titi inda ake jiran mai ɗaukar leburori, iyayenmu mata suna aikatau ko sayar da abinci, mu kuwa ba mu da takardun da za su kai mu aji, sai mu yini muna jifar gwangwani har rana ta faɗi. Malama ta roƙi dattijon Balaraben da suke haya a gidansa ya bar ta ta kafa rumfa a bayan gida, ya yarda, maigidanta ya ɗebo ganyen dabino daga Samnu ya rufa, ta shimfiɗa tabarma, ta jingina allon katako a jikin bango, sa'an nan ta bi gida gida tana tattaro mu. A kan tabarmar nan ɗan Damagaram da ɗan Kano da ɗan Tawa suka haɗa gwiwa, wannan ya ce lakol ya zo, wancan ya ce makaranta, wani ya ce madrasa, Malama ta ce kowa ya kira ta da sunan da ya ga dama, ya dai zo da wuri kuma ya wanke fuska.

Ta koya mana karatu da rubutu da lissafi, ta nemo malamin da ke karantar da mu Alƙur'ani da yamma, ta tura da yawa daga cikinmu gida Nijar da Nijeriya don zana jarrabawa, kuma a yau a cikin ɗalibanta akwai malaman asibiti, da kanikawa, da teloli, da 'yan kasuwa, da malaman makaranta. Amma in aka tambayi kowane ɗayanmu abin da ya fi tunawa, tafiyar Samnu zai faɗa. Duk shekara, lokacin da dabino ya nuna, takan sa a ɗebe mu a bayan motar gona. In mun isa, sai ta jera mu a bakin kwatar ban ruwa, wadda faɗinta bai wuce taku ɗaya ba, ta ce kowa ya tsoma hannu ya rufe ido. Daga nan sai muryarta ta sauko ƙasa ƙasa, ta ce: "To, ku faɗaɗa ruwan nan. Ku ƙara. Ku ƙara har sai mutumin da ke wancan ƙetaren ya zama kamar tsinke." Mu da aka haifa cikin rairayi, ba mu taɓa ganin ruwan da ya fi tanki ba, sai ga mu zaune a kwale-kwale, masunta na jefa taru, ƙanshin kifi banda na tashi daga gaɓa, dorina ta leƙo da kunnuwanta ta koma. Iskar da ke kaɗa dabinai a bisa kanmu ita ce ta zama ƙarar igiyar ruwa. In ta ce mu buɗe ido, sai mu tarar da kwata tana nan yadda take, hannuwanmu sun yi sanyi, wasu 'yan mata suna kuka don ba su so dawowa ba.

Ni mai sa hannu a wannan sanarwa sai da na girma na yi gemu kafin Allah Ya kai ni Gaya. Ina tsaye a bakin ruwan na kira ta a waya na ce, Malama, ga ni a gabansa. Sai ta ce: "Kabirou, bar magana. Sunkuya ka kai wayar kusa da shi, in ji." Na durƙusa a cikin taɓo na miƙa hannu, mutane na kallona, ita kuma tana can Abdulkafi tana saurare har kuɗin wayar suka ƙare.

Bayan da ɗalibanta suka girma suka watse, marigayiya ce ta ɗaure mu wuri ɗaya. Ita ta matsa aka kafa wannan ƙungiya, kuma ita ta ɗauki nauyin labaranta. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, saƙon muryarta yana shigowa zaurenmu na waya, tana zayyana wanda ya yi aure, da wadda ta haihu da sunan da aka sa wa jaririn, da wanda ya faɗo daga saman gini a kai masa dubiya, da wanda aka tsare a shingen hanya a nemi mai tsaya masa, da wanda ya buɗe shago a je a yi ciniki don ƙarfafa masa gwiwa. A bayan muryarta ana jin yara na maimaita baƙaƙe, da kukan tantabarun maƙwabta, wani lokaci da ƙarar cokali a tukunya. Wanda ke Tarabulus da wadda ke Maraɗi da wanda ke can ƙetaren teku, kowa yakan ajiye abin da yake yi, na 'yan mintocin nan ya koma kan tabarma.

Teku ne kawai abin da ba ta so a ambata a gabanta. Duk lokacin da ta ji wani daga cikinmu yana haɗa kaya zuwa arewa, takan aika a kira shi, ta zaunar da shi, ta ce: "Ɗana, ni kogi na koya muku, ban koya muku teku ba. Kogi ana ganin ƙetarensa." Wasu sun ji, wasu ba su ji ba. A cikin waɗanda ba su ji ba akwai ɗan'uwanmu Nouradine, ɗa ɗaya tilo ga Inna Chafaatou, mai sayar da shinkafa da wake a inda leburori ke jiran aiki. Ya tafi, ya kira sau ɗaya daga bakin ruwa, daga nan shiru. Shekaru suka wuce. Dattawan unguwa, cikin kyakkyawar niyya, suka ba da shawarar a yi masa addu'ar mamaci a raba sadaka, don mahaifiyarsa ta huta da jira. Inna Chafaatou ta zo wurin Malama ta ce: "Yaya, in kin ce in haƙura zan haƙura." Malama ta ce ita ba ta san gaibu ba, kuma ba za ta hana kowa addu'a ba, amma har sai an kawo mata wanda ya ga gawarsa, ba za ta cire shi daga cikin masu rai ba. Tun daga ranar, ƙarshen kowane saƙon Juma'a kalma ɗaya ce: "Nouradine ɗan Chafaatou, in kana ji, mahaifiyarka na nan inda ka bar ta." Ba za mu ɓoye ba, akwai daga cikinmu waɗanda suka ga abin ya yi yawa, suna ganin tana tsawaita wa baiwar Allah ciwo ne, har aka tura wakilai su yi mata magana cikin ladabi. Ta ba su shayi da dabino, ta saurare su har ƙarshe, ta yi musu godiya, Juma'a ta zagayo ta sake kiran sunansa.

A damanar bara, 'yar'uwarmu Rabi'atu, wadda ke aikin jinya a Agadas, tana duba wasu bayin Allah da aka dawo da su daga arewa, sai ta zauna hutawa ta kunna saƙon Malama. A gefenta akwai wani mutum kwance, ya rame ya fita kamanninsa, tun zuwansa bai yi wa kowa magana ba. Da muryar ta kai ƙarshe, sai ya ɗago kai ya ce: "Sake sa shi." Ta sake. Ya ce: "Ni ne." Nan take Rabi'atu ta kira Malama a Sabha, aka yi gudu aka ɗauko Inna Chafaatou daga wurin sana'arta da ludayi a hannu, aka haɗa su uku a waya. Malama ce ta fara magana, ta ce, cikin muryar da muka sani tun muna yara: "Nouradine, ka makara. An daɗe da shiga aji." Abin da ya same shi a shekarun nan nasa ne, shi zai faɗa in ya so. A yau yana Damagaram tare da mahaifiyarsa, yana samun sauƙi, kuma shi ne ya fara kiran ofishin ƙungiya da ya ji wannan rashi, ya roƙi a rubuta sunansa cikin masu ta'aziyya. Mun rubuta.

Tun farkon shekarar nan ƙungiya take shirya wa marigayiya tafiya gida, domin rabonta da Gaya ya daɗe ƙwarai, kuma kullum in aka tsayar da lokaci sai ta ɗaga, ta ce bari yaran bana su iya haɗa baƙi tukuna. A ƙarshe ta amince za ta tafi in an gama yankan dabino. An gama yanka, an sami mota, Hajiya ta ɗaure tsarabarta, sai zazzaɓi ya kwantar da ita. Da ta cika, yayanta Malam Adam Djibo ya kira daga Gaya yana kuka, yana tambaya ko akwai yadda za a yi a kai ta kusa da iyayenta. Alhaji Moustapha ya amsa masa da cewa: "Yaya, ka yi haƙuri. Ta ce mini in abin ya zo a nan, a bar ta a nan, inda yaranta za su iya zuwa da ƙafa." Malam Adam ya ce ya yarda, Allah Ya sa haka ne alheri. An yi mata sutura bayan sallar azahar a maƙabartar da ke kusa da unguwa. Magina sun sauko daga gini da siminti a tufafinsu, ma'aikatan gona sun taso daga Ghuddwa da Samnu a bayan motoci, 'yan kasuwa sun rufe shaguna, maƙwabtanmu Larabawa sun shiga sahu kafaɗa da kafaɗa da mu, har makarar ta riƙa tafiya a kan hannuwa ba tare da wani ya yi taku da ita ba.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga maigidan marigayiya, mai girma Alhaji Moustapha Omar; da 'yarta, Malama Moufida Moustapha; da yayanta, Malam Adam Djibo, da ɗaukacin dangi na Gaya da Doso; da dattawa da limaman al'ummar Nijar da Nijeriya mazauna Sabha; da kuma kanmu, domin mu ma marayu ne a yau. Muna roƙon Allah Mai rahama Ya gafarta mata, Ya yalwata kabarinta, Ya sanya kowane harafi da ta koyar ya zama haske a gare ta, Ya ba iyalanta haƙuri da juriya, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Ana karɓar gaisuwa a gidan marigayiya, maza a ƙofar gida, mata a ciki.

Mutane da yawa sun tambaye mu makomar makaranta, kuma gaskiya a daren jana'iza ba mu da amsa, har wasu na cewa a rufe zuwa bayan arba'in a ga abin da hali zai yi. Washegari da safe, muna zaune a ƙofar gida muna karɓar gaisuwa, sai ga yara suna shigowa ɗaya bayan ɗaya ta ƙofar baya. Ba wanda ya tuna ya gaya musu kada su zo. Suka kakkaɓe tabarma, suka jeru, ƙanana a gaba manya a baya, suna kallon allo. Aka shiga aka gaya wa Malama Moufida. Ta jima a ɗaki, sa'an nan ta fito idanunta jajur, ta gyara mayafi, ta ɗauki alli, ta tambaye su inda aka tsaya. Don haka ƙungiya tana sanar da iyaye cewa Makarantar Rumfa a buɗe take, kuma duk tsohon ɗalibin da ke Sabha, wanda yake da safiya ɗaya a mako da zai iya bayarwa, ya zo ya same mu, yara na jira.

Allah Ya jiƙan Hajiya Malama Koubra Djibo, Ya sa Aljanna ce makomarta. Amin.

Sa hannu:
Kabirou Adam
Mai Magana da Yawun Ƙungiyar Tsofaffin Ɗaliban Makarantar Rumfa
Abdulkafi, Sabha