Kujera Ɗaya Ka Auna

Zuwa ga Mas Bintoro, mijina, ruwan farkon damina a kan gonar shinkafata, inuwar da nake fakewa in ranar garinmu Semarang ta buɗe wuta, sanyin idona kuma ciwon kaina. Ina gaishe ka da hannu biyu, domin tarbiyya ta hana ni gaishe ka da abin da ke raina.

Daga gidan yayata Mbak Darmini nake rubuto maka, a nan Salatiga, kuma kada ka ce ba ka san abin da ya kawo ni ba. Ran wanka ba a ɓoyon cibi. Na bar gidanka ne saboda ka auna falonmu kaf, ba ka bar mini wurin zama a cikinsa ba.

Ka tuna rumfar mai miyar kaza ta bakin tasha, kafin aurenmu, ruwa yana dukan kwanon rufi kamar zai huda shi? Wata tsohuwar rediyo ce take kawo kiɗan keroncong, rabi waƙa rabi ƙugi, mu kuma muna matse a benci ɗaya, kafaɗarka ta jiƙe saboda ka bar mini wajen da ba ya yoyo. Ka ce ba ka taɓa jin kiɗa mai daɗinsa ba. Ƙarya ka yi mini ranar, hasken raina, ko kuwa kunnenka ne ya yi girman kai daga baya?

Da ka shigo da lasifikokin nan biyu, kowace ta kai ƙuguna, ni na fara taya ka murna. Ka yi ta zagaya falo kana tafi kana kasa kunne, ka ce tayil da bangon siminti suna dawo da sauti, murya tana karo da 'yar'uwarta. Na yarda. Ka shimfiɗa kafet, ka rataya labule mai kauri har iska ta daina shigo mana, ka manna soso a bango mai kama da kwalin ƙwai. Kabad ɗin gilashin da mahaifiyata ta ba ni, ka ce yana karkarwa in ganga ta buga, ka tura shi ɗakin girki. Na haɗiye. Ka jawo lasifikokin daga jikin bango, ka karkato bakinsu, ka ɗauko tef ka auna daga wannan zuwa waccan, daga kowace zuwa kujera. Kujera ɗaya. Har a nan ina nema maka uzuri, don an ce so hana ganin laifi.

Sai ranar awon. Ka kafa makirufo a kan kujerar daidai tsayin kunnenka, ka kashe fanka, ka zare firji, ka kai kejin kurciyarka gidan maƙwabta. Na shigo da sallama, ka ɗora yatsa a baki, ka kira ni da sunan da ka saba kirana, ka ce, "Dik Wur, ɗan tsaya mini a baranda. Jikin mutum yana shanye sauti, za ki ɓata mini awo."

Ni, Mas? Ni ce aka jera da fanka da firji? Na fita, na tsaya ta taga ina jin na'urar awonka tana fito daga ƙasa zuwa sama, tana auna yadda kowane bango yake amsawa. Da ta gama, sai ta rubuto tambaya a allon talabijin da manyan baƙaƙe, wai ko akwai wata kujerar da za a auna. Da idona na ga babban yatsanka a kan rimot. Ko ɗan jim ba ka yi ba ka danna a'a.

Ba zan ɓoye maka ba, aikinka ya yi kyau. Da ka zaunar da ni a kujerar, na ji mawaƙiyar tana tsaye a gabana, har jan numfashinta ina ji. Amma da ka karɓi wurinka na sauka kan tabarma kusa da ƙafarka, muryar ta gudu gefe guda, ganga kuma tana ta dukan cikina. Na ce a ƙara auna nawa wurin. Ka ce, "In aka auna wa mutum biyu, Dik, ba mai samun cikakke. Kowa sai ya rasa kaɗan." To me ka ɗauka aure ne, zumar zuciyata? Tun da na shigo gidanka nake rasa kaɗan kaɗan da murnata, kai kuwa ko ƙwayar sauti ɗaya ba za ka iya sallama mini ba!

Mbak Darmini dariya take mini. "Ke ma kin cika fushi," in ji ta. "Mazan wasu caca suke, naki akwati yake reno. Ci abincinki." Abin haushin, kewarka nake yi. Ina kewar yadda kake kurɓar kofi da ƙara, da tarin nan naka na safe, duk surutan da ni ban taɓa neman a manna musu soso ba. Ina son ka, kuma ina jin haushin yadda nake son ka.

Ban ce ka sayar da komai ba. Ka jawo kujera ta biyu, ka sake awon, in na'urar ta tambaye ka ka ba ta amsar da ta dace, sannan ka zo da ƙafarka ka ɗauke ni. Kada ka aiko saƙo ta waya.

Har yau ba ka tambaye ni daga ina nake ba a ranar awon. Daga wurin ungozoma nake. Ta ɗora mini 'yar na'urarta a kan cikina, na ji wani bugu mai sauri yana fitowa ta wata ƙaramar lasifika mai tsatsa, kuma tun da nake ban taɓa jin sauti mai tsabtarsa ba. Shi na taho da saurina in gaya maka. Mu biyu ka fitar waje, Mas.

Taka cikin fushi, taka bayan fushi, taka har ƙasa ta rufe idona,

Wuryani