Ƙasar Taimamar Baba

Wudil, ranar Litinin.

Zuwa ga matata Malama Zahra'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya karatu, ya baƙunta a Ibadan? Ki yi haƙuri da rubutun, kin san hannuna ya fi sabawa da fartanya. A waya ban iya komai ba sai "lafiya lau", shi ya sa na rubuta a takarda, zan ɗauki hoto in turo miki.

Albasa ta yi kyau a fadama. Wata bakwai ke nan rabona da ke, amma har yanzu in na dawo daga gona sai na yi sallama a ƙofar ɗakinki, sannan in tuna. Na ji saura sati uku ki tsaya gaban manyan malamai ki kare binciken digirinki na uku. Allah ya ba da sa'a.

Baba mahaifinki yana ɗan fama da jiki, amma da sauƙi.

Naki,
Haladu.

Wudil, ranar Asabar.

Zahra'u,

Assalamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya. Ki yafe mini, ban faɗa miki gaskiya duka ba. Yau kwanan Baba tara a asibiti, ciwon ƙoda ne. Shi ne ya sa na yi masa alkawarin kada ki sani sai kin gama.

Tun ranar da aka sa masa robar fitsari ya daina cin abinci, ya juya fuska bango. Likita ya ƙara magani, ba canji. Ni a bakin ƙofa nake zama, saboda kunyar surukuta. Daga nan na lura, duk sanda aka kira salla sai ya ja mayafi ya rufe kansa. Carbinsa ma ya tura shi ƙarƙashin filo. Sai na gane gani yake da wannan robar ba shi da tsarki. Kwana huɗu bai yi salla ba, mutumin da ya shekara arba'in a sahun farko. Ba zai faɗa mini ba, ni ma bakina ba zai iya tambayarsa ba.

Sai na tuna tambayar da kike koya wa ɗalibanki, wadda na sha jin kina bitarta a tsakar gida: ban da ciwon, me ya fi damunka? Na sami Saudatu, nas ɗin ɗakin, wadda kika koyar a makarantar koyon jinya, na roƙe ta ta yi masa wannan tambayar. Ta durƙusa gefen gadon ta tambaye shi. Hawaye suka zubo masa, ya faɗa mata maganar tsarkin ce. Ta nemo liman ya yi masa bayanin sallar mai larura. Ni kuma na hau babur zuwa garinsu Darki, na ɗebo ƙasar gonarsa a faranti don taimama. Ranar a kwance ya yi la'asar, ya kuma sha koko.

Sai dai jikin ba ya dawowa, likita bai ɓoye mini ba. Ina tsoron ki gama ki zo ki tarar da tabarmar gaisuwa, ki ce na cuce ki. Ina kuma tsoron shekarunki huɗu su tafi a banza. Ga shi na karya alkawarin. Kuma ba zan ce babu son zuciyata a ciki ba, ina so in gan ki.

Mijinki,
Haladu.

Wudil, ranar Talata.

Zahra'u,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Na ga saƙonki cewa gobe za ki kamo hanya. Dakata ki karanta wannan tukuna.

Na shiga har gaban gadon Baba na faɗa masa abin da na yi. Bai yi faɗa ba. Can ya tambayi wa ya koya wa yarinyar nan Saudatu yin irin wannan tambaya. Na ce ke ce. Ya sa na maimaita. Sai ya ce in rubuta miki maganarsa yadda ya faɗa:

"Ta zauna ta gama. Abin da ta je nema ya riga ta isowa wurina."

Ya ce kullum bayan la'asar ki kira, in riƙe masa wayar. Saura kwana goma sha uku. Shi yana ƙirgawa da carbi, ni da yatsu. Ki zauna, Zahra'u. Ina bakin ƙofar, ba inda zan je.

Allah ya sada mu da alheri.

Naki,
Haladu.