Ranar da Amira Ta Ce Mini Tsoho

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka a makwancinka, gaisuwar matar da ka tafi ka bari da surutu ba mai saurare. Ina fata Allah Ya yalwata maka, Ya haskaka. Mu nan lafiya lau, sai zafi, wanda ba ka taɓa yarda akwai shi a ƙasar Turawa ba. Da hannuna na yi rubutun nan, da bokon yaƙi da jahilcin da kake yi wa dariya. Ku kuma masu leƙowa ku karanta, ku ɗan matsa, da mijina nake.

Labarin jikarka Amira na kawo maka. Ka san ta tana rarrafe a tsakar gidanmu na Kano, zuwan da suka yi hutu. Yanzu ta fi ni tsawo. Hausa tana jin ta tsaf, amma in ka yi mata magana sai ta mayar maka da Turanci.

Tun da ɗanka Likita ya ɗauko ni zuwa garin nan Bowie nake jan ta da wasa, yadda kakata ta ja ni. In ta yi kwalliya in ce wa ya ara wa mummuna kaya. In ta dafa taliya in ce a kai wa kaji. Jira nake ta rama, ita kuwa sai ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Rannan uwarta Maryam ta zo ta durƙusa, tana ta kame-kame, ta ce yarinyar kuka take yi, wai Kaka ba ta son ta. Roƙona take in daina.

Na daina, Malam. Muka koma ina kwana da sai da safe, kamar maƙwabta. Kai ka san ni, in an hana ni tsokanar jika me ya rage mini a gida? Har na ce wa Likita in zafi ya wuce ya mayar da ni Kano. Da in zauna da jikata kamar baƙuwa, gara in yi kewarta daga nesa.

Ana haka aka shirya zuwa bakin teku, wani gari Ocean City. Muka tafi mota biyu, mu da gidan Hajiya Rabi ta garin Lanham, Badamagariyar nan da mijinta ke karanta labarai a rediyo. Akwai wata gada a hanya, tsawonta ya fi ƙarfin magana. Na rufe ido na kama salati, ban buɗe ba sai da aka ce mun sauka.

Tekun kuwa na gan shi. Ba shi da tsallake, Malam, ruwa ne har inda sama ta sauko. Mutanen wurin ba zan ba ka labarin suturarsu ba, kana wuri mai tsarki. Aka kafa mana laima, aka shimfiɗa darduma, Maryam ta buɗe kula: dafa-duka, dambun nama, zoɓo mai ƙanƙara. Wasu fararen tsuntsaye marasa kunya suka kewaye mu, ɗaya ya fizge mini yankan kaza daga hannu ko sallama babu.

Ɗanka, babban likita da furfura a gemu, ya kwanta yaran Hajiya Rabi suna tula masa yashi har wuya. Na ce a tone shi yanzun nan, ban haifi ɗa don a binne mini shi da ransa ina kallo ba. Suka ce wasa ne. Na ce a yi wasan da ɗan wata.

Da muka yi azahar da la'asar a haɗe, tunda matafiya ne mu, sai Hajiya Rabi ta taso ni. Ka san Kanawa da Damagarawa ba a haɗuwa a rabu lafiya. Ta ce ta ga ina ta kallon ruwan, ta san Bakanuwa ce ke tunanin yadda za ta kwashe gishirin ta kai kasuwa. Na ce ita dai a sa mata ido, mutanen da ruwan garinsu bai cika tulu ba, kar ta shanye wa Turawa teku. Ta ce mini baiwarta. Na ce mata 'yar ƙauye. Muna yi tana zuba mini zoɓo, ni ina tura mata dambu.

Amira na gefe da littafi a cinya, amma ba karatun take ba. Na ji ta tambayi uwarta da Turanci ko faɗa muke yi. Hajiya Rabi ce ta amsa mata, da Hausa. Ta ce wanda ba ta so gaishe shi take ta wuce, wannan tsohuwar kuwa tun da ta zo ƙasar nan ba ta taɓa raga mata ba. Yarinyar ta daɗe tana kallona, ni kuma na yi kamar ban gani ba.

Da rana ta yi sanyi kowa ya tashi zai taɓa ruwa, ni na ce ina nan ina gadin takalma. Sai ga Amira ta dawo ta tsaya a gabana, ta riƙe ƙugu. Leɓenta na motsi, tana jera maganar a ciki kafin ta fito da ita. Sannan ta ce, "Kai tsoho, kana tsoron ruwa. Matsoraci."

Malam, sai da na waiwaya bayana. Wallahi na ɗauka kai ne ka zo ka zauna.

Ka san yaran nan, ba su raba ka da ki, kowa namiji ne a bakinsu. Likita ya buɗe baki zai gyara mata, na watsa masa hararar da ya sani tun yana ɗan firamare, ya haɗiye. Na miƙe, na ɗaure gyale a ƙugu, na ce mu je a ga matsoracin.

Sanyin ruwan ya ratsa ni har haƙori. Na shiga zuwa idon sawu, ta ce ƙara. Na kai gwiwa. Wata igiyar ruwa ta zo ta zaunar da ni daɓas, da zanena da komai, gishiri har hanci. Ita ta ɗago ni, tana dariya har tana shiɗewa. Na ce, "Mummuna, da gangan kika yi." Ta ce, "Kai ne mummuna."

Na ga 'ya'yanka sun karɓi takardun digiri, na ga an sa wa Likita farar riga, na yi guɗa duk a lokacin. Amma ban taɓa jin kaina ya kumbura irin na ranar nan ba, ina tsaye jiƙe sharkaf a gaban jama'a jikata na zagina da Hausa. A mota ta yi barci a kafaɗata, gashinta duk yashi.

Na ce wa Likita ya bar maganar Kano tukuna, ina da abokiyar faɗa. Na kuma kafa doka a gidan, kada wanda ya gyara mata wannan kai ɗin sai na ba da izini. Yanzu da safe in ta sauko sai ta ce tsoho ya tashi? Rabonka ne wannan, Malam, kai ya kamata ta yi wa. Ina amsawa ne a madadinmu mu biyu, kuma ina rama maka yadda ya kamata.

Allah Ya jiƙan ka, Ya sa kana cikin ni'ima, Ya kai maka ladan zuriyar da ka bari. Allah Ya raya Amira, Ya shirya ta, Ya ba ta jikokin da za su rama mini. Ya haɗa mu a Aljanna, inda ruwan ba gishiri. Amin.

Taka,
Dije