Na Daina Juya Naman

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya karatun yara?

Ina lafiya, sai dai aikin koyarwar bai samu ba tukuna. Wani mai gashin nama ya ɗauke ni gwajin mako biyu. Kada rubutuna ya dame ka, garwashi ne ya ɗan lashi yatsuna.

Da farko na yi ta juya naman kamar ina duba littattafan ɗalibai, har ya bushe. Maigidan ya ce, "Malam, nan ba aji ba ne. Sa gishiri, ka ƙyale shi, yaji sai ƙarshe."

Jiya na daure na ƙyale shi. Maigidan ya ɗanɗana, ya ƙara cin yanka na biyu. Yau ya ba ni makullin shagon.

Ka gaida Inna, amma ban da labarin yatsun. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka