Tsofaffin Sifikoki Sun Shiga Tsakanin Uba da Ɗa

Anti Rahmatu, ki taimake ni don Allah, kafin in haɗa wasu sifikoki da ashana.

A Unguwar Rimi muke. Maigidana, Baban Nuhu, ya yi ritaya daga aikin gwamnati, kuma yana da wasu sifikoki biyu da ya saya hannun wani Bature tun kafin a haifi ɗanmu. Wai sunansu ilektirositatik, ni ko faɗar sunan sai na huta a tsakiya. Ga faɗi ga siranta, kamar ƙyauren taga mai ƙafafu. Ba a jingina su da bango, don haka sun cinye rabin falo. Da damina su yi ta tsaki, wai laima ce. Ba a ƙure musu murya, wai za su yi tartsatsi. Sannan ya dasa wata kujera a tsakiyar falo, ya zagaye ƙafafunta da alli. In na gusar da ita garin shara, ranar na sha wa'azi. Matan zumunta in sun zo, a gefe muke rakuɓewa kamar 'yan haya. Kuma faifai ɗaya yake ta maimaitawa, na ƙungiyar mawaƙan cocinsu na gida, inda marigayiya yayarsa Magajiya take ba da waƙa.

Duk wannan na shanye. Sai ga Nuhu ya fara aiki, ya yi ɗoki ya sayo wa ubansa sababbi, masu kama waya ba igiya. Da aka kunna, har kofuna suka yi rawa a kabad. Bawan Allahn nan bai bari waƙa ɗaya ta ƙare ba, ya ce wannan ai dakan sakwara ne, ya mayar da su kwali a gaban yaron. Haba! Nuhu ya ce ashe tarkace sun fi shi daraja, ya fita. Tun ranar bai sake zuwa cin abincin Lahadi ba, yanzu ma ya ce ko Kirsimeti kada mu sa ran ganinsa. Shi kaɗai gare mu, Anti.

Ni daga kicin nake jin duka biyun, kuma Allah ya sani na Nuhu sun fi. Na uban sai wata murya siririya. Na gaji, raina ya ɓaci. In kai su bola ne?

Maman Nuhu

Maman Nuhu, ajiye ashanar tukuna.

Na tambayi masu harkar sauti, kuma kowa a gidanki yana da tasa gaskiyar. Irin waɗannan tsofaffin ba su da dukan ganga mai girgiza ƙirji, ba sa kuma cika gida. Nan sababbin suka yi musu fintinkau. Amma wajen fitar da muryar mutum tas, kamar yana tsaye a gabanki, har yau ana sara musu. Sai dai sautinsu miƙewa yake yi sambal zuwa wuri guda. Dalilin kujerar ke nan, kuma shi ya sa daga kicin ba za ki taɓa jin abin da yake ji ba.

Baban Nuhu ya yi laifi, ki gaya masa ba kwana-kwana. Yaba kyauta tukuici, ko da ba za ka yi amfani da ita ba, balle ta ɗanka. Shi zai kira Nuhu, ba aike ba. Ya fito da sababbin daga kwali, ranar Kirsimeti su yi aikinsu a tsakar gida.

Amma ke ma da kanki kika rubuta amsar, kika wuce ta. Ba sifika mijinki yake gadi ba, muryar yayarsa ce, kuma ina zargin bai taɓa faɗa wa ɗansa haka ba. In Nuhu ya zo, uban ya tashi ya ba shi kujerar, ya sa masa faifan, ya ce ga gwaggonka.

Kafin nan, shekara da shekaru kina share ƙarƙashin kujerar nan. Ki jingine tsintsiya ki zauna a kanta ko sau ɗaya.

Allah ya daidaita tsakaninsu, ya sa ku ci shinkafar Kirsimeti ku uku.

Anti Rahmatu