Dutsen da Baba Ya Karanta a Kife

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi.

Sakamakon gwaji ya fito, kuma ya saɓa wa littafin Baba. Dutsen da na sassaƙo daga kan tsauni ya girmi na gindinsa da miliyoyin shekaru. Kin tuna abin da ya koya mana tun muna riƙe masa guduma: wurin nan teku ne a da, laka ta kwanta bisa laka har ta zama dutse, saboda haka na ƙasa shi ne babba. A kan wannan ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Idan gwajin gaskiya ne, shimfiɗun sun kife lokacin da ƙasa ta turo tsaunin sama, Baba kuwa ya karanta su daga ƙarshe zuwa farko.

Abokan aikina suna so mu buga rahoto. Na kasa sa hannu. Idan kina karanta masa wasiƙar nan, ki tsaya a gaisuwa.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida mai jiki. Amsarki ta iso, kuma ban ga laifinki ba da kika karanta masa duka. Idonsa ne ya tafi, amma ya san muryarki in kina tsallake layi.

Kin ce da ya gama saurare, ya ce a gaya wa mai taurin kan nan ta rabu da na'ura, ta je ta duba ƙwanson halittun teku da idonta. Na hau tsaunin jiya. Igiyar ruwa takan bar ƙwanso a kife, kamar ƙoƙo a bakin randa. Waɗanda ke cikin dutsen nan duk sama bakinsu ke kallo, wato shimfiɗun sun kife da gaske. Na zauna inda ya saba ajiye jakarsa, na daɗe ban sauko ba.

Ki faɗa masa abin da na gani, kada ki rage komai. Ki ce na sa sunansa gaban nawa a rahoton, tunda shi ya nuna inda za a duba. In bai yarda ba, zan cire.

Rahoton yana kan teburina. Ba zan aika ba sai na ji daga bakinsa. Sakamakon gwaji na biyu da muka yi don tabbatarwa ma bai fito ba tukuna.

Allah ya ba shi lafiya.

Ƙanwarki,
Auta